IDAN SARKIN YAWA YA ƊAUKI GORA: DARASI DAGA ƘASAR INDONESIYA

  

Kwanakin baya, a ajin matan aure da nake koyarwa da yamma, muna cikin darasin haƙƙin maƙwabtaka sai wata baiwar Allah, wadda a haife ta girme ni, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ina da tambaya. Yarona ya shiga ƙungiyar matasan unguwarmu, an ba shi riga da hula. Suna tsaron kasuwa, suna karɓar 'yan kuɗi a hannun masu tebur. Ya ce mini ai su ne 'yan ƙasa, baƙi sun zo sun cinye kasuwar. Da can zaman banza yake yi, yanzu har cefane yake kawo mini. To in hana shi ne, ko in sa masa albarka?"

Kafin in buɗe baki aji ya rabu biyu. Wasu suka ce ai yaro ya samu abin yi, a gode wa Allah. Wasu suka ce wannan kuɗi ba su da maraba da ƙwace. Na ce mata ta yi mini haƙuri in yi nazari, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Abin da nazarin ya haifar shi ne na kawo miki yau, 'yar'uwa, domin na san ba ita kaɗai ce uwar da wannan tambaya take hana ta barci ba.

Zan fara da misali daga nesa, da gangan. Idan aka kawo misali daga gida, kafin a gama magana kowa ya kama kare nasa. Amma idan labarin wasu ne, zuciya takan tsaya ta saurara, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

WACE CE INDONESIYA?

Duk wadda Allah Ya nufa da sauke farali ta ga alhazan Indonesiya a Makka da Madina, suna tafe a jere cikin natsuwa, kowa riƙe da ɗan'uwansa. Wadda ba ta je ba ma tana da alaƙa da su ba ta sani ba. Taliyar Indomie da yara ke damun ki da ita asalinta daga can ne. Atamfar da ke jikinki ma, Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin batik na tsibirin Java suka riƙa bugawa da inji, daga baya kasuwarta ta buɗe a Afirka ta Yamma.

Ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000, da mutane sama da miliyan 270, da harsuna ɗaruruwa, kuma mafi yawan jama'arta Musulmi ne. Janar Suharto ya mulke ta fiye da shekara 30 da ƙarfin soja, har zuwa ranar 21 ga Mayu, 1998, lokacin da karyewar tattalin arziki da zanga-zangar ɗalibai suka tilasta masa sauka. A watan Yuni na 1999 suka yi zaɓe na 'yanci. Kin ga kusan lokaci ɗaya da mu ke nan, tunda a ranar 29 ga Mayu, 1999 ne sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a Nijeriya.

Jama'a suka yi murna, suna ganin tunda mulkin danniya ya kau, ai sai zaman lafiya. To amma shekarun farko na dimokuraɗiyyarsu sun zo da zubar da jini mai yawa, kuma akasarinsa ba soja ne ya zubar ba. Maƙwabci ne ya tasar wa maƙwabci, ƙarƙashin tutar wata ƙungiya ko sunan wata ƙabila.

'YAN ƘASA DA BAƘI

A zamanin Suharto komai daga Jakarta, babban birni, ake yanke shi: wa zai zama gwamna, wa zai shugabanci gunduma, ina kuɗi za su tafi. A 1999 aka yi dokar da ta mayar da iko mai yawa da kuɗi masu yawa ga gundumomi, ta fara aiki a 2001, sannan daga 2005 jama'a suka fara zaɓen shugabannin yankunansu kai tsaye. Manufar mai kyau ce, wato a kawo mulki kusa da talaka. Sai dai da kujerar gunduma ta zama mai maiƙo, sai wata tambaya ta taso da ƙarfi: wane ne ɗan ƙasa a nan, wane ne baƙo? Suna da kalma a harshensu, putra daerah, ma'ana ɗan asalin yanki, kuma aka wayi gari ita ce a bakin duk mai neman kujera ko kwangila ko aikin gwamnati.

A tsibirin Kalimantan akwai mutanen Madura, waɗanda suka yi ƙaura zuwa can tun shekarun 1930, wasu gwamnati ta kai su, wasu neman abinci ya kai su. An haifi 'ya'yansu da jikokinsu a can. A 1999, a yankin Sambas, 'yan ƙabilar Malayu da Dayak suka far musu, aka kashe na kashewa, dubun dubata suka tsere. Ki lura da wannan da kyau, 'yar'uwa: Malayu Musulmi ne, Madura ma Musulmi ne. Alƙibla ɗaya suke kallo, amma hakan bai hana ba. A watan Fabrairu na 2001 kuma, a garin Sampit, rikici ya ɓarke tsakanin Dayak da Madura, aka kashe kimanin mutum 500, fiye da 100,000 suka bar gidajensu, aka riƙa kwashe su a jiragen ruwa zuwa wani tsibiri da wasunsu ba su taɓa gani ba, wai shi ne "garinsu".

Wani masani mai suna Gerry van Klinken, a littafin da ya wallafa a 2007 kan waɗannan rikice-rikice, ya nuna cewa ba haka kawai tsohuwar gaba ta farka ba. A mafi yawan wuraren akwai manyan gari masu hangen muƙami da arzikin gwamnati, kuma su ne suka yi amfani da ƙungiyoyin ƙabila da na addini wajen tara jama'a. Talaka ya ba da jininsa, wasu suka hau kujera.

ƘUNGIYAR 'YAN ASALIN JAKARTA

Misalin da ya fi kama da tambayar ɗalibata yana cikin Jakarta kanta. 'Yan asalin birnin ana kiran su Betawi. Da birnin ya bunƙasa, mutane suka kwararo daga ko'ina, aka saye filayen Betawi aka gina benaye, aka tura da yawansu gefen gari, har ya zama ba su kai kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin ba. Matasansu da yawa ba aiki, suna kallon arziki yana wucewa ta ƙofar gidan kakanninsu. Wannan kuka ne na gaskiya, babu mai musun sa.

A 2001 wani malamin addini mai suna Fadloli el-Muhir ya jagoranci kafa ƙungiyar da ake kira FBR, domin haɗa kan Betawi da ƙwato musu haƙƙi. Aka ɗinka wa matasa baƙaƙen kaya, aka kakkafa rumfunan tsaro a unguwanni. Ƙungiyar tana nema wa 'ya'yanta aikin gadi, tana taimaka musu idan an yi rashin lafiya ko rasuwa, tana shirya karatun addini. Haka kuma an san 'ya'yanta da karɓar kuɗin ajiye mota da kuɗin "tsaro" a hannun 'yan tireda da masu shaguna, da yin arangama da wasu ƙungiyoyi irinta, kamar Pemuda Pancasila, a kan wa zai mallaki wane layi.

A watan Maris na 2002 wasu talakawan birnin suka je ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa suna kuka kan yadda ake korar su daga matsugunansu. 'Yan FBR suka auka musu da duka, aka raunata mutane da dama, har da mata da ƙananan yara. Dubi wannan abu, don Allah. Ƙungiyar da aka kafa saboda an ture talaka gefe, ita ce ta ɗaga sanda a kan talakan da aka ture gefe.

Wani abin mamaki kuma, su kansu Betawi tarihi ya nuna cewa gaurayen baƙi ne. Sunan ya fito ne daga Batavia, sunan da Turawan Holan suka sa wa birnin, kuma al'ummar ta samu ne daga auratayya tsakanin mutanen Java da Sunda da Bali da Bugis da Malayu da Larabawa da Sinawa da suka taru a wurin. Wato ɗan ƙasar yau jikan baƙon jiya ne. Mu ma idan muka dubi cikin birnin Kano za mu ga Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi, sunayen da har gobe suke ba da shaidar daga inda kakannin wasu Kanawa suka fito.

Irin waɗannan ƙungiyoyi a Indonesiya ana kiran su ormas, kuma waɗanda aka yi wa rajista sun haura rabin miliyan. Mafi yawansu ba ruwansu da tashin hankali. Amma masu gorar cikinsu sun dami jama'a har ta kai a 2025 gwamnati ta kafa runduna ta musamman domin maganin masu fakewa da sunan ƙungiya suna tatsar 'yan kasuwa da masana'antu, musamman idan sallah ta ƙarato, lokacin da sukan aika takardar neman "goron sallah" wadda ba a isa a ƙi ba.

TO INA LAIFIN YAKE?

A nan ne nake so mu yi tunani tare. Shin son gida ne laifin? A'a. Allah ne Ya halicce mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila, kuma aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa hikimar hakan ita ce mu san juna, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya nuna ƙaunarsa ga Makka ranar da zai bar ta. Mutum ya so garinsu, ya so harshensa, ya yi kishin ci gaban unguwarsu, duk wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To ko haɗa ƙungiya ne laifin? Shi ma a'a. Mu da muke karanta wannan mujalla ai 'yan ƙungiya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma talaka ba shi da wata murya da mahukunta za su ji in ba ya haɗu da 'yan'uwansa ba.

To ko dimokuraɗiyyar ce? Wasu haka suke cewa, har suna kewar mulkin soja. Amma tarihin Indonesiya bai goyi bayansu ba. Ƙungiyar Pemuda Pancasila tun 1959 aka kafa ta, kuma a ƙarƙashin mulkin Suharto ta yi ƙarfi. A kashe-kashen 1965 zuwa 1966, inda aka hallaka mutane kimanin rabin miliyan bisa zargin kwaminisanci, soja ne suka jagoranta, ƙungiyoyin farar hula suka taya su. Ashe gorar ta riga akwatin zaɓe zuwa. Abin da ya canja bayan 1998 shi ne, da can mai gidan 'yan gora ɗaya ne, yanzu kuwa duk mai kuɗi da buri yana iya ɗaukar nasa.

Abin da dimokuraɗiyya ta ƙara shi ne ta sa wa yawan jama'a farashi. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a kan wannan aka gina zaɓe: maimakon a gwada ƙwanji, a ƙirga kawuna, wanda ya fi yawa ya yi mulki, wanda ya faɗi ya jira wani zagaye da ransa da dukiyarsa. To amma ɗan siyasa ya gane cewa wanda ya mallaki matasa dubu masu riga iri ɗaya ya mallaki abu biyu a lokaci guda, ƙuri'a da tsoro. Ranar kamfe su cika masa fili, ranar zaɓe su tsaya a bakin rumfa, bayan zaɓe a saka musu da tasha ko kasuwa su riƙa karɓar kuɗi. Idan sarkin yawa ya ɗauki gora, an koma gidan jiya ke nan, domin abin da aka gudu a hannun sarkin ƙarfi shi ne aka tarar.

Saboda haka, a fahimtata, ɓarnar tana farawa ne daga abu biyu. Na farko, ranar da ƙungiya ta mayar da asali ma'aunin gaskiya, wato namu yana da gaskiya ko ya yi zalunci, nasu ba shi da ita ko an zalunce shi. Na biyu, ranar da ta naɗa kanta ɗan sanda da alƙali da mai karɓar haraji, alhali babu wanda ya zaɓe ta, babu kuma inda wanda ta cuta zai kai ƙara.

Na farkon shi ne malamai ke kira asabiyya. Ki tuna abin da ya faru a lokacin yaƙin Banul Musɗaliƙ, da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka samu saɓani, kowa ya ƙwala wa mutanensa kira. Manzon Allah (SAW) ya tsawata, ya danganta wannan kira da jahiliyya, ya umarce su da su bar shi domin abu ne mai wari. Abin lura a nan shi ne, Muhajirai da Ansar sunaye ne masu daraja waɗanda Alƙur'ani ya yabi masu su. Duk da haka, da aka yi amfani da su wajen tara jama'a don faɗa ba tare da tambayar wa ke da gaskiya ba, sai kiran ya zama abin zargi. Idan haka ne ga waɗannan sunaye, ina ga sunan unguwa ko ƙabila ko jam'iyya?

Kuma a Madina ai Ansar ne 'yan ƙasa, Muhajirai baƙi. Da Abdurrahman bin Auf (RA) ya iso ba shi da komai, ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi'i (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ya shiga ya yi ciniki har ya zama cikin manyan attajiran garin, kuma ba mu ji an tare shi a ƙofar kasuwa an ce ya biya kuɗin 'yan ƙasa ba.

ƘUNGIYA MAI GINI, ƘUNGIYA MAI RUSHEWA

Kada ki ɗauka labarin Indonesiya duk baƙi ne. A ƙasar ne ake da biyu daga cikin manyan ƙungiyoyin Musulmi na duniya: Muhammadiyah da aka kafa a 1912, da Nahdlatul Ulama da aka kafa a 1926. Reshen mata na Muhammadiyah, mai suna Aisyiyah, an kafa shi a 1917, kuma Siti Walidah, matar Malam Ahmad Dahlan wanda ya kafa uwar ƙungiyar, tana cikin jagororinsa na farko. Waɗannan mata sun fi shekara 100 suna aiki. Suna da makarantun ƙananan yara dubbai, da asibitoci da gidajen marayu, har da jami'a a birnin Yogyakarta. Yawansu ya ninka na 'yan gora nesa ba kusa ba, amma babu mai tebur da gabansa ke faɗuwa idan ya hango su.

Har ila yau, ƙungiya ɗaya tana iya nuna fuska biyu, gwargwadon tarbiyyar da aka yi mata. Matasan Nahdlatul Ulama suna cikin waɗanda suka sa hannu a kashe-kashen 1965, abin da ya sa Abdurrahman Wahid, tsohon shugaban ƙungiyar wanda ya zama shugaban ƙasa, ya fito a 2000 ya nemi gafara. A ƙarshen wannan shekara ta 2000 kuma, daren 24 ga Disamba, wani matashi ɗan rundunar tsaron ƙungiyar mai suna Riyanto yana gadin wata majami'a a garin Mojokerto, aka ga wani ƙunshi da bam a ciki. Ya ɗauke shi ya yi nesa da jama'a, ya tashi da shi, ya rasu, mutanen da ke ciki suka tsira. Rigar ƙungiya ɗaya ce, abin da aka zuba a zuciyar mai sanye da ita ne ya bambanta.

Wata za ta ce, to gwamnati ta soke duk masu tayar da hankali mana, a huta. Indonesiya ta gwada. A 2017 ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon rushe ƙungiya ba tare da an fara zuwa kotu ba, kuma a ƙarshen 2020 ta haramta FPI, wata ƙungiya da ta yi suna wajen kai samame da sunan hana ɓarna. Sai dai masu kare haƙƙin jama'a sun yi gargaɗi cewa wuƙar da ta yanka ƙungiyar da ba kya so yau, ita za ta iya yanka taki gobe idan kuka faɗi abin da bai yi wa masu mulki daɗi ba. Bugu da ƙari, an soke suna ne kawai. Rashin aikin yi da ya kai yaro can yana nan, ɗan siyasar da ke biya ma yana nan, don haka sai a sake ɗinka wata riga. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a hukunta duk wanda ya yi duka ko ƙwace a gaban alƙali, ko ɗan wace ƙungiya ne, a kuma bi sawun wanda ya aike shi.

MU DAWO GIDA

Na san tun ɗazu zuciyarki take cewa, ai wannan labarinmu ne. Haka ne. Mu ma daga 1999 mun ga rikicin Shagamu a watan Yuli na shekarar, da ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kano, inda aka kashe mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mun ga na kasuwar Ketu a Legas a watan Nuwamba na 1999, wanda aka ambaci 'yan OPC a cikinsa, kuma tushensa wa zai riƙe kasuwa. Mun ga na Jos a watan Satumba na 2001, inda gardamar ɗan ƙasa da baƙo a kan wani muƙami ta taimaka wajen hura wutar da ta ci rayuka kimanin 1,000 cikin 'yan kwanaki. Mun kuma san 'yan daba a Kano, da 'yan kalare a Gombe, da sara-suka a Bauchi, da yadda 'yan siyasa suka yi ta amfani da su.

Mu Hausawa mun ɗanɗana abin ta fuska biyu. Babu wata babbar kasuwa a ƙasar nan da ba mu da ɗan'uwa a cikinta, kuma a can shi ne baƙo. Duk hujjar da ɗanki zai kafa a kan mai tebur a nan, ita wani yaro zai kafa a kan ƙaninki mai sayar da albasa a Legas ko Fatakwal. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a sashe na 41, sannan sashe na 227 ya hana kowace ƙungiya tara mutane ko horar da su domin amfani da ƙarfi wajen cim ma burin siyasa. Dokar tana nan a rubuce, masu kiyaye ta ne suka yi ƙaranci.

AMSATA GA WANNAN UWA

Da muka sake haɗuwa na ce mata, Yaya, ban ce ki tsine masa ba, ban kuma ce ki sa wa wannan kuɗi albarka ba. Ki zaunar da shi cikin dare, bayan ya ci abinci, ki yi masa tambayoyi huɗu.

Ki tambaye shi, mai teburin da ya ce ba zai biya ba, me ke faruwa da shi? Idan amsar ita ce ba komai, to sadaka ce ko ladan aiki. Idan kuwa za a watsar masa da kaya, to sunan abin ƙwace, ko da an ba da rasit, kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Ki tambaye shi, idan ɗan ƙungiyarku ya zalunci baƙo, bayan wa kuke bi? Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. Ƙungiyar da ba ta iya hukunta nata ba, ba tsaro take yi ba.

Ki tambaye shi, wa ya sayi rigunan, kuma me yake so ranar zaɓe? Sannan ina 'ya'yan shi mai sayen rigar suke, suna cikinku ko suna makaranta?

Ki tambaye shi, wa ya ba ku wannan aiki, kuma wa kuke yi wa bayanin kuɗin? Akwai 'yan sintiri na gaskiya da mai unguwa da hukuma suka sani, jama'a suka yarda suna biyan su, waɗanda idan sun kama ɓarawo sukan miƙa shi ga hukuma. Waɗannan aikin lada suke yi. Idan yaronki gadi yake so, ga inda zai je.

Na kuma faɗa mata wata magana mai ɗaci, wadda nake faɗa wa kaina, nake kuma faɗa miki. Cefanen nan shi ne tarkon. Ranar da uwa ta karɓi ledar ba ta tambayi daga ina ba, ta ɗaure bakinta da kanta. Na san halin da ake ciki, wallahi na sani, tukunya ba ta jin wa'azi. Amma ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, kuma idan ƙura ta tashi, mai sayen riga ba ya zuwa ofishin 'yan sanda, ba ya kwana a asibiti. Uwa ce ke zuwa, da mayafinta da kwanon abinci.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu tun kafin yaro ya kai shekarun shiga ƙungiya. Wace kalma yake ji a bakinmu idan an ambaci maƙwabciyar da ba yarenmu ɗaya ba? Idan ya yi faɗa da ɗanta, mukan tambayi wa ya fara, ko kuwa mayafi muke ja mu fita? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma darasin farko na asabiyya ko na adalci a tsakar gida ake ɗaukar sa.

Daga ƙarshe, mu da muke cikin ƙungiyoyin mata, mu ma mu auna kanmu da wannan mudu. Idan zaɓe ya zo aka aiko mana da atamfa da motoci a ce mu cika fili, mu tambayi kanmu ko yawanmu ake saye. Idan za mu raba tallafi, mu duba ko 'yar garinmu muke fara kira kafin mabuƙaciya. Matan Aisyiyah sun nuna cewa yawa yana iya zama makaranta da asibiti, kuma babu abin da suke da shi wanda Allah bai ba mu ba.

Ita wannan baiwar Allah ta ce za ta gwada. Har yanzu yaron bai ajiye rigar ba, amma ta ce ta daina karɓar cefanen, kuma ya fara zama yana sauraron ta. Ku taya ta da addu'a.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba matasanmu sana'a ta halal, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne.